Jijiyar Baba Direba

"'Yata, faɗa min gaskiya, me kika gani a wuyan nan?" Baba Direba ya tambaye ni, yana gyara zama a kujerar robarsa ta ƙofar gida.

Maƙwabcinmu ne tun ina yarinya. Yanzu ni likitar hoto ce, aikina duba hotunan cikin jiki da na'urar MRI ke ɗauka, ina kuma koyar da ɗalibai. Haɗiya ce ta fara gagarar Baba, aka ga ƙari a maƙogwaronsa, likitan tiyata ya shirya yanko kaɗan a auna. Hoton wuyansa kuwa a teburina ya sauka.

Na ce, "Baba, babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, taka ba ta miƙe ba. Ta lanƙwaso ta kwanta a bayan maƙogwaro, daidai inda wuƙa za ta bi."

"Ciwo ne?"

"Halitta ce, da ita aka haife ka. Na nuna wa likitan tiyata, zai sauya hanya."

Matarsa, Inna, ta leƙo daga zaure da tsintsiya a hannu. "Ai ba mamaki. Mutumin da bai taɓa bin titi miƙaƙƙe ba, kullum sai ratse ta lungu."

Baba ya yi dariya har da tari. "To, kin ji ba laifina ba ne."

Aka yi aikin lafiya, jijiya ba ta ko ƙwarzanu ba. Sai dai ƙarin na ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Baba ya ji bayani, ya ce, "Kowace mota da tasharta," ya nemi a ba shi hoton.

Watannin da suka rage, duk mai zuwa dubiya sai ya ga jijiyar. Baba zai ɗaga hoton saitin taga, sau da yawa a juye, ya ce wa tela ko mai shago, "Nemo irinta a wuyanka."

Ranar ƙarshe na shiga da la'asar, muryarsa ta dushe. Ya kama hannuna. "Ki nuna wa ɗalibanki, 'yata. Su riƙa duba hanya kafin su taka."

Kafin magariba ya cika, Inna na riƙe da kansa.

Bayan an watse zaman makoki, na fito zan tafi aiki, na tarar da Inna da bokiti a gindin bishiya, tana wanke gilashin tsohuwar motarsa a hankali, ɓangaren direba.