Idan Mijin Likita Ya Ci Zaɓe

"Likitar nan dai mijinta na cin zaɓe, sai dai mu riƙa ganinta a talabijin."

Nas ɗin da ke auna yara ce ta faɗa wa abokiyar aikinta, tana ɗora ɗana a sikeli. Ba da ni take ba, ko kallona ba ta yi ba. Amma maganar ta biyo ni har gida.

Ɗana yana da sikila. Babansa direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai leƙo mu ba, kuma a garin nan ba ni da kowa. Duk Talata nakan goya shi mu je asibitin yara, in zauna a bencin ƙarshe. Mata suna ta hira, ni ina kallon takalmansu.

Likita kaɗai ke yi mini magana kamar ta san ni. Ba ta sa farar riga, wai yara na gani sai su tuna allura. Kafin ta ɗora abin sauraron ƙirji a jikin yaro, sai ta fara ɗora shi a ƙirjin uwar, don ya ga ba ya cizo. Ɗana ba ya rabuwa da murfin tukunya, shi ne sitiyarinsa, shi ya sa take ce masa Direba.

"Direba, yau ina muka nufa?"

"Wajen Baba."

"To a fara shan ruwa. Ka taɓa ganin mota ta tafi ba ruwa?"

Ita ta koya mini yadda zan lalubi cikinsa ta hagu in ji ko ya kumbura. Ta riƙe hannuna ta nuna mini, har sai da na iya.

Hotunan mijinta sun cika titi, wasu har da ita a gefensa riƙe da jariri. A rediyo ina jin ta tana roƙon a riƙa gwada jinin jarirai da wuri. Kowa na cewa in ya hau, yara za su ji daɗi. Ni ma na san haka ne. Amma ranar zaɓe, ni da ban taɓa shiga wannan layin ba, na goya Direba na tsaya cikin rana, na dangwala wa abokin hamayyarsa. Ko sunansa ban riƙe ba.

Mijin Likita ya ci.

Talatar da ta biyo baya muka tarar da ɗan sanda a ƙofa, ga masu kyamara a baranda. Nas ta ce, "Yau kowa ta kama ɗanta, ban da zubar da fitsari a gaban baƙi."

Da muka shiga ɗakin, wani matashin likita na zaune kusa da ita. Tana duba Direba tana yi masa bayani: wane magani ne ke sa yaron amai, wane hannu ne jijiyarsa ta fi fitowa. Direba ya ƙanƙame murfinsa ya ɓoye fuska a zanena.

Sai idonta ya kai kan babban yatsana, tawadar ba ta gama fita ba.

"A'a, Maman Direba! Ashe har da ke aka sha rana? Kai, na gode."

Na sunkuyar da kai.

Matashin ya fita karɓo sakamako. Ta cire tabarau ta murza ido. "Gidanmu ya cika maƙil," ta ce a hankali. "Kowa na taya ni murna, ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci."

Na goya Direba, na ɗauki jakata, har na kama ƙofa. Ina jin nas tana kiran mai bi mini.

Na juyo.

"Likita," na ce, "Talata mai zuwa, ke zan tarar?"