Awa Ashirin a Zaune

Shekara tara ke nan Zaharaddini yana Kuala Lumpur, can ƙasar Malesiya. Karatu ya kai shi, ya gama, ya samu koyarwa a jami'a, ya yi zamansa. Da mahaifinsa ya rasu, ta waya ya karɓi gaisuwa. Da aka aurar da ƙanwarsa Ramlat, cewa ya yi a turo masa hotuna. Kullum maganar ɗaya ce: "Inna, ba za ki gane nisan ba ne."

Inna Asama'u kuwa ta yarda. A ranta tafiyar wata da watanni ce, irin ta mutanen da, masu zuwa Makka a ƙasa. Duk ƙauyensu, nan bayan Gezawa, ba mai taɓa ɗanta a gabanta ya kwashe lafiya.

Wata Laraba Ramlat ta biyo daga firamaren da take koyarwa, ta tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

"Allah sarki yayanki," in ji Inna. "Da kusa yake, ai da ya ɗanɗana ta bana."

Ramlat ta ja tsaki, ta zaro waya. "Yau dai bari in auna miki nisan nan. Kilomita dubu goma ne da ɗoriya."

"To kin ji!"

"A jirgi awa ashirin, har da sauya jirgi a hanya. Ko kwana ɗaya bai cika ba."

Inna ta saki gyaɗar hannunta. "A tsaye ake zuwa?"

"A zaune. Har abinci ake kawo masa."

"A zaune," Inna ta maimaita, ta taɓe baki. "Ni naƙudarsa kwana biyu na yi a durƙushe."

Ran Juma'a ya kira kamar yadda ya saba. Ita da ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, sai ga shi ta ce, "Dakta Zaharaddini, manya! Ashe garin naku nan ne bayan katanga."

"Inna, ba haka ba ne. Akwai aiki, ga yara suna makaranta..."

"Jirgin ba ya ɗaukar masu aiki? Kamaruddeen direba, ɗan maƙwabciyarmu, kwana biyu yake yi a hanyar Legas da lodin albasa, kuma duk wata sai ya durƙusa gaban tsohuwarsa. Shi bai yi digiri ba."

"In sha Allahu da babbar Sallah..."

"Kada ka wahalar da mazaunanka."

Ta miƙa wa Ramlat wayar yana cikin magana. Da yamma ta sa aka ɓalle kwaɗon ɗakinsa, aka fitar da katifar, aka jera buhunan gyaɗa har rufi.

Sallah ta zo ta wuce, bai zo ba. Inna ba ta tambayi dalili ba.