Abincin Inna a Rayong

Ranar ƙarshe ta Pchum Ben, bikin ciyar da mamata, abin da Baba ya fara nema da ya tashi shi ne farar taguwarsa. Ta hoto ce. Ba ya sa ta sai zai kira gida.

Shekararmu ta huɗu ke nan a Rayong, ƙasar Thai, a ɗakin kwano bayan benen da muke ginawa. Ni da Baba siminti muke ɗauka. Yayata Chanthou tana ɓare jatan lande a bakin teku. Inna ta rasu bara waccan a wannan ɗakin. Aka ƙone gawar, aka aika tokar gida Prey Veng, can ƙasarmu a ƙetaren iyaka, a motar haya. Ba mu bi ta ba, don in mun fita takardunmu ba za su dawo da mu ba.

Kwana goma sha biyar a farkon kaka ake buɗe wa mamata ƙofa. Su fito da yunwa, su yi ta bin gidajen ibada suna duba ko nasu sun kawo abinci. Sai sufaye sun karɓa sun ci kafin ya isa gare su. Wanda bai sami komai ba ya koma da yunwarsa sai baɗi. Kwana sha huɗu muna bakin aiki. Shugaban leburori bai san wata Inna ba. Ranar ta sha biyar kaɗai aka ba mu.

Tun jiya da la'asar Chanthou take naɗe ansom, shinkafa mai danƙo da ayaba da baƙin wake cikin ganye, yadda Inna take so, da ɗan gishiri. A gwangwanin fenti ta dafa, bayan ta wanke shi sau uku. Da safe ta ƙara miyar kifi da farar shinkafa, ta jera a kwanon sha-ka-ɗora mai hawa huɗu. Ƙarfe bakwai ta gama. Ta zauna a bakin ƙofa da kwanon a cinya.

Baba yana aske gemu.

"Baba, mu tafi."

"Ina ake sauri? Sha ɗaya sufaye ke ci. Tun kafin a haife ki nake kai abinci."

"Gidan ibada na kasuwa za mu?"

"Wannan mai warin kifi? Na kan dutse za mu. Mai matakalar zinariya. Goggonku ta ga irin wurin da muke ibada."

Ina kwance ina jin su. Na san na kan dutsen. Da rani na yi sati uku ina hau musu da yashi. Sufayen daji ne, sau ɗaya suke ci a yini, ƙarfe takwas, daga nan ko ruwan shinkafa ba sa taɓawa. A garinmu babu irinsu, don haka Baba bai san ana yin haka ba.

Na buɗe baki. Sai na ga yana karkata fuska a ɗan madubin, yana gwada murmushi. Na rufe bakina.

Ƙarfe tara ya fitar da mu gaban motar mai ginin, wata baƙar a-kori-kura da yake wankewa duk Asabar. Ya ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa, ya kira Goggo Sokhom, yayarsa. Fuskarta ta cika wayar. A bayanta ana ganin gidan ibadar ƙauyenmu, gonaki cike da ruwa, mutane ko'ina da fararen kaya.

"Sarun, ka yi tumbi! Motar taka ce?"

"Ta wurin aiki ce, Yaya, amma kusan kullum tana hannuna."

Haka ne. Da soso.

"Ina ɗan banzan nan Piseth? Har yanzu ba ya dariya?"

Baba ya juyo min da wayar. Na gaishe ta. Ta ce na yi baƙi. Ta nuna mana 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, da surukinta, da sabon firjin da bai da wurin zama sai tsakar gida. Kowa ya ɗaga hannu. Kowa ya tambayi ko ana samun waya mai araha a nan. Ba wanda ya ambaci Inna.

Chanthou ce ta kutsa kai.

"Goggo, kun sa sunan Inna a takardar da sufaye za su karanta?"

"Kai, 'yar nan, takardar ta cika. Kakanninku, da mijina, da dangin mijina. Ai ku ne 'ya'yanta. Ku da kuke ƙasar masu hali, me Kimlang za ta yi da busasshen kifinmu?"

"Mun shirya mata komai, Yaya," in ji Baba. "Hawa huɗu. Chanthou, ɗaga ta gani."

Ta ɗaga.

Sai goma da rabi muka kama hanya, mu uku a babur ɗin aro, Chanthou a baya ta rungume kwanon. A mararraba, hagu kasuwa, dama dutse. Ni ke tuƙi. Baba ya taɓa kafaɗata ta dama. Na bi dama.

Matakala ɗari da tamanin ce. Baba ya tsaya sau uku, biyu don numfashi, ɗaya don hoto. Da muka kai sama, zauren ba kowa. An naɗe tabarmi. Ƙoƙunan sufaye a kife a kan benci, har sun bushe. Wani tsohon sufi yana share ganye.

Baba ya durƙusa, ya miƙa kwanon da hannu biyu, ya haɗa 'yar Thai ɗin da ya iya. Tsohon bai karɓa ba. Chanthou ce ke jin harshen sosai, ita ta juya wa Baba.

"Ya ce sun ci tun takwas. Sau ɗaya suke ci."

"Sau ɗaya? Wane irin sufaye ne waɗannan? Ce masa na mamaciya ne."

Ta faɗa. Tsohon ya girgiza kai a hankali.

"To su ajiye zuwa gobe."

"Ba sa kwana da abinci, Baba. Kuma gobe an rufe ƙofa."

"Na kasuwa fa?"

Ta duba wayarta. Sha biyu saura kwata. Daga tsakar rana babu sufin da ke karɓar abinci a ko'ina, wannan kam har Baba ya sani.

Na kalli fuskarsa. Abin da na zo gani ke nan. Ta ɗan yi ja. Ya sosa wuya. Ya ce ƙasar nan komai nata a karkace yake. Sannan ya karɓi kwanon, ya tsaya gaban babban gunkin da ke zauren, ya ce in ɗauke shi. Na ɗauka. Ya aika wa Goggo da rubutu a ƙasa: an karɓa.

Muna juyawa tsohon ya tsaya da shara, ya dube ni.

"Ba kai ne mai yashi ba? Ka sha cin ragowarmu da safe."

Baba bai gane ba, ya yi masa murmushi ya sunkuya. Ya fara sauka. Chanthou ta gane.

Muka sauko har rabin matakala. Nan ta zauna a gefen katanga, ta kwance ansom ɗaya, ta shimfiɗa ganyen a ƙasa, ta gutsura shi ƙanana, ta zuba miya a kai. Karnukan wurin suka taso, uku, masu ƙuraje. Ba ta kore su ba.

"Ka sani," ta ce.

"Na sani."

"Tun a ɗaki."

"Eh."

"To don me?"

"Na so in ga fuskarsa."

"Ka gani?"

Na duba ƙasa. Yana gindin matakala, ya ɗaga waya sama, yana gyara wuyan taguwa. Daga nan ma ana jin dariyar Goggo.

Chanthou ta kwance na biyu ta sa min a hannu. Da sauran ɗuminsa.

"Kira Inna," ta ce. "Kai za ka gaya mata sai baɗi."

Karen farko ya riga ya lashe ganyen, ya ɗago yana kallon hannuna.