Akwatin Inna da Tikitin Teku

Daidai ƙofar shagon kwana tayar akwatin ta ɓalle. Ta gangara abinta ta faɗa kwata, akwatin ya karkace, zif ɗin da dama ya gaji ya buɗe baki, albasa ta watse a titi.

"Yau dai jirgin ya sauka ba shiri," in ji mai shago, yana leƙowa daga bayan kanta.

Mai ɗinki, maƙwabciyar Inna da ta rako ta, ta duƙa tana tsince albasar, tana jiran amsa, don Inna ba ta taɓa barin mai shago ya ci bulus ba. Sai ta ji shiru. Da ta ɗago kai, ta ga tsohuwar ta zauna a dakalin shagon, hannu ɗaya dafe da ƙirji, tana neman numfashi.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Ga guda can ta shige ƙarƙashin mota, kar ki bar ta."

Duk layin babu wanda bai san akwatin nan ba. Jan akwati ne na tafiya, mai taya biyu da mariƙin da ake zarowa. Inna ta saye shi shekarun baya, lokacin da wani kanti zai rufe ya karya farashin kayansa. Don zuwa bakin teku ta saye shi. Amma kafin ranar ta zo, in ji ta, ba za ta ajiye ƙato a ɗaki yana cin wuri a banza ba, sai ta ɗora masa aikin cefane. Da la'asar take jan shi a ƙafa har babbar kasuwa, lokacin da masu kayan gwari suka ƙosa su tafi gida, ba su da ƙarfin ja-in-ja. Ta dawo da shi cike, kuɗin mota ya kwana a lalitarta. Tayar hagu tana da wani kuka siriri, tun daga nesa ake sanin Inna ce tafe.

Kullum ta zo wucewa sai mai shago ya tsokane ta. "Inna, yau wace ƙasa muka nufa?"

"Ƙasar da ba a tsawwala wa mutane," take ce masa, ba ta ko tsayawa. Ko ashana ba ta taɓa saye a wurinsa ba, shi kuma bai taɓa fasa gaishe ta ba.

Girki ta yi wa wata makarantar kwana har ta yi ritaya. Ta ciyar da 'ya'yan mutane, ta wanke tukwanen da mutum zai iya zama a cikinsu. Burinta bai wuce guda ba, kuma ba ta jin kunyar faɗarsa: ta je bakin teku, ta sauka a masauki, wani ya dafa ya kawo, ta ci, ta ture kwano ta tashi abinta. Wasu suna dariya, wai me tsohuwa za ta yi da hutu. Inna ta ce su jira su tsufa.

Ɗakin mai ɗinki ne ke manne da nata a gidan haya. Tun da 'yar mai ɗinkin tilo ta tafi karatu nesa, sai ta fara raka Inna kasuwa, wai don ta miƙe ƙafa. A nan ta ga abin mamaki. Inna ba ta shiga kasuwa da yunwa, ta ce yunwa ce ke sa mutum sayen abin da bai zo saye ba. Ba ta tayawa a rumfar farko. Ta kan haɗa matan gidan su sayi buhun shinkafa guda su raba, kuma ita ke riƙe da kwanon awo don ba ta yarda da hannun kowa ba. Tumatirin da ya ɗan fashe, wanda 'yan gayu ke yi wa kallon banza, shi take kwasa ta dafa a ranar. Abin da ya ragu kuma na teku ne.

Wata rana suna dawowa, mai ɗinki ta ce, "Inna, ranar tafiyar nan ai ni zan raka ki." Da wasa ta faɗa. Ba ta san Inna ba ta wasa da maganar da ta shafi kujerar mota ba. Sai ga tsohuwa ta shigo mata da tikiti na mutum biyu, har da ɗakin kwana da abinci a masauki.

"To me ya sa ranar ta yi nisa haka?" mai ɗinki ta tambaya.

"Yanzu yara na hutu, kowa ya yi can, komai ya hau. Idan suka koma makaranta farashi zai faɗi. Tekun ai ba guduwa zai yi ba."

Wannan magana ce ta dinga dawo wa mai ɗinki a asibiti, ranar da tayar ta ɓalle. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana gajiya. Ya ba da magani, ya ce a kai ta gida ta huta, kuma yadda ya faɗi kalmar hutun bai yi wa mai ɗinki daɗi ba.

Ɗan Inna ya zo daga garin da yake aiki. Mutumin kirki ne, sai dai ya gaji uwarsa wajen ƙin asara. Da ya ga tikitin a kan tebur ya ce zai je a mayar da kuɗin.

"Ba sa mayarwa," in ji Inna daga kan gado. "Mai arhar na saya. Suna kawai ake iya canzawa."

"Haba Inna, da kin ƙara ɗan abu kin sayi wanda ake mayarwa."

"Da na ƙara, da ba ni ba ce. Je ka sayo min maganin, kuma kar ka saya a kemis ɗin bakin asibiti."

Da ya fita, ta yafito mai ɗinki da hannu. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kan akwatin, yana jingine a lungu ya karkata gefe guda.

"Kin ga wayona ko? Na jira farashi ya sauko, ashe ni zan riga shi." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Inna ki daina. Za ki warke mu tafi."

"Ke 'yar nan, ni ba a taya min kayan da na san kuɗinsa. Zauna ki ji. Kujeru biyu ne. Ɗaya taki ce tun asali. Ɗayar a sa sunan maigidanki."

Mai ɗinki ta sunkuyar da kai. "Ba zai je ba. Gareji..."

"Bangon nan siriri ne," Inna ta katse ta. "Ba laɓe nake muku ba, shi ke kawo min. Da, dariyarku ce ke hana ni barcin rana. Yanzu daga ƙarar keken ɗinki sai ta cokali. Ko faɗa ba kwa yi. Ni da faɗa kuke yi ma da hankalina ya fi kwanciya."

Maganar ta soki mai ɗinki, domin gaskiya ce. Ba abin da ya haɗa ta da mijinta. Bakanike ne, ya fita da sassafe, ya dawo a gajiye da baƙin mai a farce. Ta ajiye masa abinci, ya ce sannu, ta ce yauwa. Idan magana ta yi tsawo, to ta kuɗin haya ce ko ta kuɗin makarantar yarinya. Tana son mijinta har yanzu, kuma tana kewarsa alhali suna ɗaki ɗaya. Abin da ba ta sani ba shi ne ko shi ma haka yake ji, kuma tana tsoron tambaya.

Da ya dawo ta gaya masa. Yana wanke hannu a bokiti, bai juyo ba.

"Allah ya saka mata. Amma wa zai riƙe min gareji? Ga motocin mutane. Ki nemi wata ku je."

Ta koma kan keke ta ci gaba da ɗinkin da ba na gaggawa ba.

Washegari Inna ta sa aka kira mata shi. Ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta. Mai ɗinki ta zaci maganar tafiya za ta yi masa, amma ina.

"Ɗan nan, tayar akwatina nake so ka gyara min."

"To Inna, in na samu sarari."

"Kuma ba biyan ka zan yi ba, ka sani."

Ya yi murmushi, abin da matarsa ta daɗe ba ta gani ba. "Ai na sani, Inna."

Sararin bai samu ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, Inna tana ƙara ƙanƙancewa a gado, amma bakin yana nan. Ta kan tambayi yadda ake sayar da tumatir, idan aka gaya mata ta ce an cuce su. Mai shago ya aiko mata da madara, ta ce a tambaye shi ko ranar lalacewarta ta kusa ne. Ta sha kuwa, ta ce a gode masa.

Ran nan da hantsi mai ɗinki ta shiga da ruwan ɗumi za ta goge mata jiki. Inna ta buɗe ido da ƙyar.

"An ce ruwan teku da gishiri. Ki ɗanɗana min, in dai ba sai an biya ba."

"Zan ɗanɗana, Inna."

"Kuma kar ki wanke musu kwano. Na san halinki."

Daga nan ba ta sake magana ba. Kafin azahar ta cika, ɗanta na riƙe da hannu ɗaya, mai ɗinki na riƙe da ɗayan. Bakaniken ya rufe gareji ya zo, yana cikin waɗanda suka kai ta makwancinta. Mai shago ma ya rufe shagonsa wuni guda, abin da ba a taɓa gani ba.

Kafin ɗan ya koma, ya kwashe kayan ɗakin, ya miƙa wa mai ɗinki tikitin. "Na je an canza sunan kamar yadda ta ce. Ta ce akwatin ma naki ne." Akwatin ya koma zama a barandar gidan, don mai ɗinki ba ta iya kallonsa ba tare da hawaye ba. Tikitin kuwa ta danne shi da almakashi a kan keke, inda duk mai shiga ɗakin zai gani. Mijin ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, bai ce uffan ba. Ita ma ta yi alkawari da zuciyarta ba za ta roƙe shi ba. Idan ranar ta wuce, ta wuce. Sai dai duk lokacin da ta tuna tafiyar ƙafar da Inna ta sha a rana, da tumatirin da ya fashe, sai ta ɗaga almakashin ta sake duba tikitin.

Ana gobe tafiya, da la'asar, tana zaune ta sa zare a allura ta kasa ɗinka komai. Sai ta ji kukan nan siriri daga bakin ƙofar gida, yana matsowa. Ta miƙe har allurar ta faɗi ƙasa.

Mijinta ne, da kayan aiki a jikinsa, yana jan jan akwatin. Ba ta ma lura da lokacin da ya ɗauke shi daga baranda ba. Akwatin ya tsaya cak a kan ƙafafunsa, taya ɗaya baƙa, ɗaya toka-toka. An ɗinke bakin zif ɗin da zare mai kauri, ɗinkin da ko makaho ya san ba na tela ba ne.

"Sabuwar taya ta yi tsada," ya ce, yana sosa ƙeya. "Na yi ta yawo sai yau na samu ta hannu. Na san in na sa mata sabuwa ba za ta yafe min ba."

"Ta hagun fa? Har yanzu tana kuka."

"Na ɗauko mai zan ɗiga mata. Sai na fasa."

Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya, ta rasa wanne za ta riƙe. Ya tsaya yana kallon ta kamar bai san inda zai sa hannuwansa ba. Can ya ce, "Wannan ɗinkin kuma kar ki ce komai."

"Ai ban ce ba."

"Idonki ya ce." Ya saki mariƙin akwatin. "Ƙarfe nawa motar ke tashi?"

Sun goge cikin akwatin da sabulu, sun shanya shi, amma warin albasa ya ce yana nan daram. Haka suka jera kayansu a ciki, nata gefe, nasa gefe.

Da safe suka fito, shi ke ja. Ta ce su tari mota zuwa tasha, ya ce a'a, da ƙafa za su je, ai akwatin ya san hanya. Mai shago yana share ƙofa ya ji kukan tayar, ya ɗago da sauri. Sai da suka zo daidai shi ya yi gyaran murya.

"Yau wace ƙasa muka nufa?"

"Teku," in ji mai ɗinki.

Ya shiga ciki ya fito da gorar ruwa biyu ya tura musu. Bakaniken ya sa hannu a aljihu, mai shago ya ce masa ya bari. "Ku ce na yi ragi ko sau ɗaya."

Suka miƙe hanya, kafaɗarta na gogar tasa. Mai shago ya tsaya da tsintsiya a hannu yana kallon su har suka sha kwana. Wani ɗan ɓawon albasa da ya maƙale a gindin akwatin ya saki, ya sauka a inda ya gama sharewa, ya bar shi a wurin.