Ledar Alalen Inna Fati

Da ƙullin alale mai zafi a hannu Inna Fati ta sauko daga keke a Yelwa, bakin ƙofar jami'a. Ranta a ɓace yake, amma komai ɓacin ranta ba ta iya zuwa wurin mutum hannu rabbana.

Duk Ƙofar Wambai an san alalenta. Da shi ta riƙe gida bayan rasuwar mai gidanta, da shi ta kai 'yarta har jami'a. Sai ga shi jiya maƙwabciyarta Yagana, wadda bakinta ba ya riƙe magana, ta tsaya gaban tukunya, masu saye na ji, ta ce wai yarinyar tana kwasar ledojin alale tana kaiwa makaranta tana kashe kifi da su. Kafin la'asar zance ya koma wai Inna Fati guba take dafawa. A karon farko a rayuwarta alalenta ya yi kwantai.

Sunan yarinyar Juwairiyya, amma ba daga bakin uwarta za ka ji shi ba. 'Yar fari ce. Tun ranar suna Inna Fati ba ta taɓa ambatarsa ba, ba ta kuma taɓa yabonta gaban mutane ba. A gida "ke" ce, a waje "waccan". Ranar da ta gama digirin farko ma, uwar ɗaki ta shige ta bar dangi da guɗa. Alkunya ke nan, haka ta taso ta tarar ana yi.

Wani dogon mutum mai farar riga, Godfrey, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen da Juwairiyya ke bincike, shi ya tare ta da fara'a, da Hausarsa ta 'yan koyo.

"Sannu da zuwa, Mama! Kai ne maman Juwairiyya? Gaskiya yarinyanka yana aiki sosai."

Inna Fati ta yi kamar da bango yake magana, ta wuce ciki.

Ga Juwairiyya nan tsaye tsakanin manyan tankunan gilashi guda biyu. Ta durƙusa za ta gaishe ta, uwar ta katse ta.

"Ke, me na yi miki? Ledar da ta kawo ki nan, ita kika ɗauko kike tona min asiri da ita?"

"Inna, don Allah zo ki gani tukuna."

Ta nuna mata tankin hagu. Tarwaɗa ne ɓulɓul, sai zirga-zirga suke suna kaɗa gashin baki. Na dama kuwa sun rame, yawancinsu kwance a ƙasa, da kyar suke motsi. Juwairiyya ta ce ƙyanƙyasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya, abincinsu ɗaya. Bambancin kawai, na dama tana haɗa musu abincin da ledar da ta niƙa ta yi laushi fiye da garin tuwo, don a ga abin da ƙananan ɓarɓashin roba ke yi wa mai rai in ya haɗiye su.

Inna Fati ba ta ji ƙarshen bayanin ba. Tausayi ya riga ya kama ta.

"Wayyo, bayin Allah! Ai wannan yunwa ce, ba wata leda ba."

Nan take ta kwance ƙullinta, ta gutsuri alale, ta murmushe shi, ta miƙa hannu saman tankin. Sai ta ji an cafke mata wuyan hannu gam.

"Inna, a'a!" Juwairiyya ce, ba ta kuma saki ba. "Ɓarɓashi ɗaya ya faɗa ruwan nan, aikin da na yi wata da watanni ina yi ya lalace. Ba wanda zai san ko leda ce ta yi ko alale."

Godfrey ya sulale waje. Inna Fati ta tsaya tana kallon hannun da ke riƙe da nata. Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da ita ba! Ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ai ita ma haka take doke hannun duk wanda ya zo buɗe mata tukunya kafin alale ya nuna. A hankali ta janye hannunta, ta mayar da gutsuren cikin ƙulli.

Juwairiyya ta ja ta zuwa wata na'ura mai ƙara wa abu girma, ta ce ta kanga ido. Ɗan yankin hanjin kifi ne a ƙasa. Inna Fati ta daɗe tana leƙe. Wasu 'yan fararen abubuwa ne maƙale a jiki suna ƙyalli, kuma ta gane ɓarɓashin leda ne, tunda kullum da ita take wuni.

"To, alalena guba ne?" ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Ban ce ba, Inna. Kifi na gwada, ban gwada mutum ba. Ko leda mai zafi tana barin wani abu a abinci, wannan aikin gaba ne. Abin da na sani, wadda ake yarwa a kwata ruwa na kai ta rafi, rana ta farfasa ta, kifi ya haɗiya. Abin da na gani shi zan faɗa, ba ƙari ba ragi."

"Ko don ni ba za ki rage ba?"

"Ko don ke, Inna. Ke ce ba ki taɓa yarda an yi miki algus a ƙullu ba."

Alfahari ne ya cika wa Inna Fati ƙirji har ya so ya fi ƙarfinta, don haka ta gyara mayafi ta fita da sauri. A bakin ƙofa ta juye wa Godfrey alalen a faranti, ta dunƙule ledojin ta tafi da abinta.

Ranar Asabar Juwairiyya ta zo gida da hantsi. Tun daga zaure ta hango gwangwanayen madara jere a tsakar gida, an wanke su tas an shafe su da manja, alale na tururi a ciki. Mata sun kewaye tukunya, Yagana a gaba.

"Au, ashe dai gaskiya ne, gubar ce?" in ji Yagana.

"Kul! Kada ki ƙara min gishiri," Inna Fati ta ce. "A kifi aka gwada, ba a gwada a mutum ba. Amma abin da na gani da idona ya ishe ni barin leda."

"Wa ya gwada ɗin?"

Inna Fati ta goge hannu a zani. Ta dubi tukunya, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

"Juwairiyya," ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "'Yata."

Yagana ta riƙe haɓa. A zaure Juwairiyya ta dafa bango, idanunta sun ciko, don ba ta taɓa sanin yadda sunanta yake a wannan muryar ba.

Sai a lokacin uwar ta hango ta. Ta yi maza ta kawar da kai, ta shiga gyara itace a murhu.

"Ke, kin tsaya kallon me? Miƙo min faranti."