Ranar da Mang Ponso Ya Ƙi Mutuwa

Aling Sioning tana fama da maɓallin rigar soja a kan tumbin mijinta, Mang Ponso, sai ya ce, "Bana ba zan mutu ba."

"Ja cikinka dai," ta ce. "Bara ma haka ka ce."

Mang Ponso mai aski ne a bakin kasuwar Santa Filomena. Duk shekara ranar bikin gari, akan yi wasan korar Sifaniyawa a gaban tsohuwar coci, kuma tun yana saurayi shi ne kyaftin ɗin 'yan mulkin mallaka, wanda ake jifa da ruɓaɓɓen tumatir sannan a kashe. Dogon hancinsa da hasken fatarsa suka ja masa. Ya gaje su ne daga wani limamin coci Basifaniye da kakar kakarsa ta yi wa aikin gida, zancen da kowa ya sani amma ba a yinsa sai an sha giya. Kastila ake kiransa, wato Basifaniye, har yaran da yake yi wa aski. Abin yana cin ransa ƙwarai. Ga gwiwoyi sun fara ba shi matsala, burinsa kawai ya riƙe adda sau ɗaya, ya fito a jarumin gari kafin ya daina.

Jarumin kuwa kullum magajin gari ne, Meyor Dalmacio. Kakansa ne ya tara wa Sifaniyawa haraji, da shi aka gina gidan dutsen da yake ciki yanzu. Amma hancinsa gajere ne, don haka tarihi bai kama shi da laifin komai ba.

Rana ta take, fili ya cika, ga baƙi daga ofishin yawon buɗe ido na Manila a ƙarƙashin rumfa suna fifita. Tumatir ya sauka a kan Ponso kamar yadda aka saba. Meyor ya zaro addar katako, ya yi ihun 'yanci, ya soka masa a ƙirji.

Ponso ya dubi addar, ya gyara hularsa, ya tsaya ƙyam.

Meyor ya sake sokawa. Ponso bai motsa ba.

"Pare, aminina, faɗi ƙasa mana," Meyor ya ce ƙasa-ƙasa, yana yi wa baƙi murmushi.

"Ban ji komai ba, Meyor."

"Kastila, mutu mu tafi cin abinci!" wata mai kifi ta yi ihu. "Gasasshen alade na hucewa!"

Dariya ta ɓarke. Masu busa suka maimaita taken nasara, suka sake maimaitawa, mai ƙahon ya fara haki. Gumi ya jiƙa farar rigar Meyor.

"Don girman Allah, Pare. Ni na tsaya wa 'yarka a wajen baftisma. Me kake so?"

"Baɗi ni ne jarumi."

"Da wannan fuskar?"

"To yau Sifaniya ta ci yaƙi. Ka yi wa baƙinka bayani."

Meyor ya saci kallon rumfa. "Na yarda. Na rantse. Faɗi!"

Ponso ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi har gindin matakalar coci, ya zube. Yana kwance a kan dutse mai zafi yana jin tafi, daɗi ya cika shi har hawaye suka zo masa.

A bayan coci Sioning tana goge masa tumatir daga kunne sai ga Meyor da sauri, ya rungume shi.

"Pare, ka fitar da mu kunya! Baƙin nan sun ce ba su taɓa ganin Basifaniye mai taurin kai irinka ba. Hotonka za a kafa a mashigar gari, ƙato. Sun ce ni ma ana iya canja ni, amma kai kam a'a."

"Alkawarin fa?"

"Wane alkawari?" Meyor ya yi dariya. "Ai duk cikin wasa ne."

Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo.

"Af, sun ce baɗi ka ƙara jinkirtawa kaɗan."