Ɗorawar da Ba a Sayar Ba

"Ki rage sauri mana, Yaya Bara'atu, ba kasuwa za mu ba. Shan iska muka fito."

Bara'atu ta rage. Buhu a hammata, gora mai ƙugiya a kafaɗa. Ita dai tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin an fito takanas don a sha iska ba, iskar da ko a ɗaka ba a hana kowa. Amma ƙanwarta Adawiyya ta yi shekara huɗu da aure a Abuja, ta zo Gaya hutu da farin takalmin gudu da labarin cewa a can manya da yamma suke fita su kalli fulawa, su saurari tsuntsaye. Da ta ji Bara'atu za ta sabuwar unguwa, ta ce sai ta bi ta.

Sabuwar unguwar nan gonar babansu ce da ta maƙwabta. Bayan rasuwarsa yayansu Muzammil ya sayar, aka yanka fulotai. Amma a gaban mai unguwa da shaidu aka faɗa, yadda aka saba tun kaka da kakanni: ƙasa aka sayar, ba a sayar da ɗorawar da ke tsakiyarta ba. Ɗorawa ta Bara'atu ce. Da kalwarta take daddawa, da daddawar take riƙe da 'ya'ya uku tun da ɓarin jikin mijinta ya shanye. Bara ta tarar ana katange wurin, magina suka bar ta ta shiga ta kaɗe abinta. Bana ga bazara ta yi nisa, ɗorawa ta nuna ko'ina, har shamuwa ta iso da albishir ɗin ruwa.

Layin ba kwalta, amma kowane gida da fulawa a ƙofa, cikin tsohuwar taya da aka shafa wa farin fenti. Rabinsu rana ta ƙone su. Adawiyya tana tsugunawa gaban masu sauran rai tana ɗauka a waya.

"Kin ga wannan? A can sai an yi odarta."

"Ana miya da ita?"

"Haba Yaya."

"To."

Can Adawiyya ta tsaya, ta ɗaga yatsa, ta lumshe ido. "Ji wannan kukan! Wane tsuntsu ne haka?"

"Kurciya ce. Irin wadda kike gasawa a bayan rumbu."

Daga kwanar nan ya kamata a ce kan bishiyar ya bayyana. Bara'atu ta ɗaga kai. Sarari kawai, da tankin ruwa baƙi a kan ƙarfe. Ta ce wa ranta wani bene ne ya tare. Ta ƙara sauri, wannan karon ba ta saurari kowa ba.

A get ɗin gidan da aka gina a wurin bishiyar, Adawiyya ta danna wani ɗan farin abu. Sai ga kukan tsuntsu daga ciki, cuwi-cuwi-cuwi, har sau uku, ba kuskure ko ɗaya.

Maigadi ya leƙo. Tsoho Bubayero ne, wanda a da yake shigo da shanunsa gonar bayan kaka.

"A'a, 'ya'yan Malam Inuwa ne? Sannunku." Idonsa ya kai kan gorar, ya mai da shi ƙasa.

"Baba, na zo kaɗe ɗorawa."

Ya daɗe yana murza carbi. "Alhaji mai gidan ya ce tana zubar masa da ganye a tsakar gida. Tsuntsaye kuma suna ɓata masa mota."

"Baba, ba a sayar masa ba. Kana wurin."

"Ina wurin, 'yata. Na faɗa masa. Ya ɗauko takarda, ya ce in nuna masa inda aka rubuta bishiya. Ni da ko sunana ban gane ba a jiki."

Alhajin yana Kano, sai Sallah-Sallah yake zuwa. Bubayero ya buɗe musu ƙaramar ƙofa.

Ciyawa kore shar, ta roba, an shimfiɗa ta kamar dardumar masallaci. A tsakiya ga kujeru huɗu sun kewaye wani faffaɗan kututture, an goge shi, an shafa masa mai yana ƙyalli.

"Kai, wannan tebur ya haɗu," in ji Adawiyya, tana shafawa. "Irinsa ne a..."

Sai ta janye hannu. A gindin, ƙasa-ƙasa, ga ƙusar da Inna take rataya goran ruwa. Ita ma an shafe ta da mai.

Wata inuwa ta gifta ta kansu. Shamuwa biyu ne suke kewaya gidan, ɗaya da tsinke a baki. Suka kewaya, suka kewaya, suka sauka a kan tankin, tsinken ya zame ya faɗo.

"Kwana shida ke nan suna haka," in ji Bubayero. "Su ma ba wanda ya gaya musu."

Adawiyya ta ɗaga waya, ta sauke. "Yaya, mu tafi. Zan yi wa Yaya Muzammil magana, wallahi zan..."

Bara'atu ta jingine gorar a katanga. Ta warware buhun, ta shimfiɗa a kan kututturen, ta hau ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

"Yaya! Idan aka gan ki fa?"

"A kan abina nake." Ta gyara mayafi, tana kallon tankin. "Ja kujera ki zauna. Ba iska kika ce mun zo sha ba?"